Rijiyoyi Shida Da Na Goge

Bara wani saurayi mai suna Nura, wanda ke da shagon tura finafinai a waya kusa da nawa a nan Funtua, ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Baba Sale, ku dai kun ci banza a zamaninku. A kunna talabijin, a miƙa wa mutane hannun gem, a koma gefe ana hamma. Wannan ma har sana'a ce?" Yana maganar idonsa na kan waya, wayar kuma gilashinta a fashe, an liƙe da salatif. Na tabbata ko murfin bayanta bai san yadda ake buɗewa ba. Irinsa sun yi yawa yanzu, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da gidan gem. Zan haɗa da laifin da na yi a ciki, don kada a ce na zo yabon kaina.

Aikin farko da aka ba ni a rayuwata shi ne tsince kusoshi. A Malumfashi ne, a shagon Malam Iro mai gyaran rediyo da bidiyo, inda mahaifina ya kai ni bayan na bar makaranta a aji biyu na sakandare. Malam Iro ya ajiye min gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi ya ce in raba su, kowane iri da gurbinsa. Wata uku ina wannan kafin ya bar ni in taɓa ƙarfen liƙi. Ranar da na fara gyara da hannuna, wata rediyo ce ta wani mahauci. Na cire abin da ya ƙone a ciki, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, na sa sabo, na jefar da tsohon a ƙasa. Rediyo ta kama magana. Ina jiran yabo, sai na ji ranƙwashi a tsakiyar kaina.

"Ɗauko shi," in ji Malam Iro.

"Maigida, ai ya mutu."

"Naka ne? Ko ya mutu, na mahauci ne. Ɗaure shi a leda, ka ba shi tare da rediyonsa. In zai yar, ya yar da hannunsa."

Haka dokar shagon take. Duk wanda ya kawo gyara, zai tafi da kayansa da ɗan ƙullin leda. Shekara bakwai na yi a ƙarƙashin wannan doka, ku riƙe ta a ranku, za mu dawo kanta.

Da na dawo Funtua na buɗe gidan gem da talabijin biyu, inji biyu, benci huɗu da ƙaramin janareta. Masu cewa zama kawai ake yi, su zo in ba su hannun gem guda da aka buga da ƙasa, su gyara. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba. In ta yage, ɗan wasa zai yi ta gudu shi kaɗai har ya fita fili. Ba a sayar da robar a garin nan, sai dai ka yanko daga mataccen rimot ka daidaita ta da reza. Wayar hannun kan karye daga ciki, a waje kuma lafiya lau, sai ka bi ta da yatsa kana lanƙwasawa har ka gano wurin. Shi kuwa injin, akwai wani ɗan gilashi a cikinsa da muke kira ido, shi ke karanta faifai. Ƙura ce abokiyar gabarsa. Kullum da safe sai na goge shi da auduga da sipirit, a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. In ya tsufa ya fara ƙin karatu, sai a kifa injin a kan bulo biyu, ƙafafu a sama, ya ƙara maka wata biyu. Faifan da ya karce a shafa masa man goge baki a wanke. Fanka ɗaya gare ni, kuma inji take yi wa fifita, ba mutane ba. Ku da in waya ta yi zafi sai ku sa ta a aljihu ku ci gaba da surutu, me kuka sani?

Masu zuwa kuma, kusan dukansu 'yan ƙwallo ne. Ka'idar ita ce wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna. Wannan shi ke riƙe da gidan gem, domin kowane minti goma benci na juyawa. Da damina shago fayau, kowa na gona. Da kaka kuwa, in aka sayar da masara da auduga, har a kan taga ake zama. Na ga ƙato mai mata biyu yana rantsuwa cewa hannun da aka ba shi ne mara kyau. Na ga wanda aka ci bakwai ya ce alƙalin cikin talabijin ɗan unguwar abokin karawarsa ne. Shekara da shekaru suna buga abu ɗaya, fili ɗaya, ihu ɗaya, kuma a ganinsu su ne masana gem.

Faifan da nake son ba da labarinsa ban saye shi ba. Na je Kano sayen faifan ƙwallo da na faɗa, mai shagon ya jefa min shi a leda a matsayin gyara, kamar yadda mai tumatir ke ƙara maka biyu. Ba shi da kwali. An yi rubutu a kansa da alƙalamin maka, cikin wani harshe da babu wanda ya iya karantawa, har malamin makarantar da na nuna wa. A cikin gem ɗin ma haka rubutun yake. Mutum ɗaya ne, siriri, da igiya a kafaɗa, da ƙugiya, da fitila a ɗaure a ƙugu. Garuruwa bakwai sun bushe, kowanne da rijiyarsa. Sai ka sauka cikin rijiyar, ka tarar ƙasan wata duniya ce, koguna da ramuka da tsofaffin gine-gine. Akwai kunamu manya kamar jakuna, akwai jemagu masu kashe fitila. Ka yi faɗa da ƙugiya, ka yi lilo da igiya, ka ture duwatsu har ka buɗe wa ruwa hanya. Babu bindiga, babu mota, kuma mutumin ba ya sauri.

'Yan ƙwallo suka gwada shi na minti biyar suka ajiye. "Oga Sale, wannan ai gem ɗin tsofaffi ne. Cire mana." Ni ma na raina shi, kuma dalilina ya fi nasu muni. Gem ne na mutum ɗaya, zai riƙe talabijin awa biyu babu wanda aka ci balle ya tashi. Na jefa shi ƙasan kwali. Amfaninsa ɗaya a wurina, in na gyara ido sai in gwada da shi, tunda ko ya karce ban yi asara ba.

Wata ranar kasuwa da la'asar ina irin wannan gwajin ruwa ya sauko, sai wani dattijo ya shigo fakewa. Yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu ba ta taka ƙasa sosai, ga damin igiyoyi da guga a kafaɗarsa. Na san shi da gani, Malam Haladu ne mutumin Tsiga, mai sayar da igiya a bakin kasuwa. Ya zauna a ƙarshen benci yana kallon talabijin. Ni kuwa ina ta tura mutumin cikin rami ba tare da na kula ba.

"Kai, mai shago," ya ce, "gaya wa mutumin can ya fito."

"Saboda me, Malam?"

"Ba ka ga fitilarsa ba? Harshenta ya kwanta. Babu iska a ramin nan."

Na yi dariya na ci gaba. Ban yi taku goma ba mutumin ya durƙusa ya faɗi. Malam Haladu ya girgiza kai ya ce, "Ka kashe shi a banza." Sannan ya miƙo hannu. "Ba ni abin nan in gani."

Yatsunsa kamar turame, in ya danna maɓalli ɗaya sai biyu su shiga. Sati uku ya yi yana koyon tafiya kawai, duk ranar kasuwa in ya tashi daga sayar da igiya. Samari suna ta yi masa tsiya. "Baba, a kawo maka guga ne?" "Baba, in ka samo ruwan a sam mana, za mu yi wanki." Bai taɓa juyowa ba. Da ya iya tafiya sai abin mamaki ya fara. Inda mu muke ganin bango kawai, shi sai ya tsaya ya ce ƙasar nan ta yi duhu, ruwa na bayanta, ya sara da ƙugiya, hanya ta buɗe. Ba ya rataya igiya a dutsen da ya ga tsaga a jikinsa. Kafin ya shiga kowane rami sai ya zura fitila tukuna ya jira. Ashe duk waɗannan abubuwan waɗanda suka ƙera gem ɗin sun sa su da gangan, mu ne ba mu da idon gani. Ba ya karanta boko, balle wancan rubutun, amma shekara ashirin ya yi yana haƙar rijiya kafin ya koma sayar da igiya.

Ranar da ya gama rijiya ta farko na nuna masa memori. Wani ɗan abu ne kamar akwatin ashana da ake cusawa a gaban inji, shi ke riƙe inda mutum ya tsaya. Na ce masa in babu shi, duk ranar da ya dawo daga farko zai soma. Ya juya shi a tafin hannunsa ya miƙo min.

"Wato kai ne mai riƙe min igiya a sama."

Sai ya ba ni labarin ƙafarsa. A wani ƙauye ne wajen Musawa. Yana cikin rijiya gaba goma sha biyu, wanda aka bari a sama ya riƙe igiya ya ji ana faɗa a bakin hanya, sai ya ɗaure ta a turken akuya ya tafi kallo. Malam Haladu ya kamo igiya zai fito, ya yi rabi, turke ya tumɓuke. Nan labarin ya ƙare. Ya ɗauki sandarsa ya ce sai wani satin.

Shekara biyu muka yi a haka. Rijiya ta uku ta ci masa wata huɗu, saboda wata kunama da ba ta mutuwa sai an jawo ta ƙarƙashin dutse an sake mata shi. A ta biyar fitila ba ta aiki sam, da ƙarar ɗigar ruwa ake bin hanya, har sai da ya sa na kashe fanka aka yi tsit. A hankali masu yi masa tsiya suka koma 'yan kallo. Mai shayin gefena yakan bar tukunya ya leƙo. 'Yan acaɓa sukan faka su tambaya, "Malam ya kai ta nawa?" In ruwa ya ɓalle, gem ɗin yakan nuna garin daga sama, ƙasa ta yi kore, awaki suna gudu zuwa kwatami, sai ka ji shago ya ɗauki sowa kamar an ci kofi. Na ga wannan da idona, amma a raina ban daina lissafin cewa talabijin ɗaya ta tsaya wa mutum ɗaya ba.

Ya gama ta shida ana gab da girbi. Mutumin cikin gem ya tsaya a bakin ta bakwai, wata babba mai baƙin baki. Kowa na cewa Malam shiga mana. Ya ajiye hannun gem a cinyarsa ya ce, "A'a. Gyaɗata na jirana a gona. Ba na shiga rijiya da hankali biyu. Sale, ajiye min a nan. In na gama girbi zan zo."

Wannan shekarar ita ce mafi muni da na gani a sana'ar. Ruwa ya ɗauke masara na goyo, abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba, samari ba su da ko na shayi. Fetur ya yi tsada. Wutar gwamnati ta zo da ƙarfi wata rana da hantsi ta ƙone min inji ɗaya da memorin da ke jikinsa. Saura inji ɗaya, memori ɗaya. Ina zaune ina tunanin rufe shago sai ga Nasiru, wani dillalin hatsi mai son a san da shi. Ya ce zai sa gasar ƙwallon gem tsakanin unguwanni, zai ba da rago ga wanda ya ci, kuma a shagona za a yi. Sharaɗinsa shi ne a canza sunayen ƙungiyoyin cikin gem zuwa na unguwanni, a sa sunayen samarin a rigunan 'yan wasa. Kwana biyu muka yi muna wannan shirme. Da muka zo ajiyewa sai inji ya ce babu wuri a memori.

Muka buɗe muka duba. Ga ƙwallo, ga ƙwallo, ga kuma ɗan hoton fitila a gefe.

"Wannan na mene ne?" in ji Nasiru.

"Na Malam Haladu ne."

"Gurgun nan mai igiya? Haba Sale. Unguwa takwas na jira, kai kana maganar tsoho ɗaya da rami. Goge mana. In ya zo ka ce wuta ce."

Ba zan ɗora wa Nasiru ba, domin hannun gem a hannuna yake. Akwai tsofaffin wasannin ƙwallo a memorin da zan iya gogewa, amma masu su suna tsaye a kaina, Malam Haladu kuwa yana Tsiga. Kuma injin nan ba ya goge abu sai ya tambaye ka. Ya tambaye ni, na danna. Ya sake tambaya, na sake dannawa. Inji ma ya fi ni sanin dokar Malam Iro.

Gasar da aka yi wa wannan aikin ba ta ma kai ƙarshe ba. A wasan kusa da na ƙarshe aka ci unguwar Nasiru, aka ce hannu ne mara kyau, aka kaure da dambe, aka karya min benci biyu. Nasiru ya kwance ragonsa ya ja shi gida.

Bayan sati uku Malam Haladu ya dawo. Ya kawo min ƙullin sabuwar gyaɗa da wata igiya da ya tufka da kansa, ya ce ya ga ta rumfar shagona ta ruɓe. Ya yi sallar la'asar a gefen shago, ya zauna a wurinsa. Mai shayi ya leƙo, 'yan acaɓa biyu suka shigo. Na sa faifai. Gem ya buɗe a gari na farko, busasshe, mutumin na tsaye da igiyarsa kamar bai taɓa shiga ko'ina ba.

"Sale, ina rijiyoyina?"

"Wallahi Malam, wuta ce. Ka ga har inji ɗaya ta ƙone min. Ta cinye abin da ke cikin memorin."

"Nuna min cikinsa."

Na buɗe. Hotunan ƙwallo suna nan jere, babu wanda ya ɓace. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ajiye hannun gem a kan benci a hankali, ya ce, "Allah ya kyauta." Ya ɗauki sandarsa ya fita. Gyaɗar da igiyar ya bar min. Sati na gaba na leƙa bakin kasuwa, wani ne a wurinsa yana sayar da tabarmi. Aka ce ya koma cin kasuwar Bakori.

Ban bi shi ba. Abin da na yi ya fi haka ƙasƙanci. Da damina ta zagayo, yayana ya zo neman matattun faifai da zai rataya a gonar dawarsa don korar tsuntsaye, sai na haɗa masa da wannan, alhali lafiyarsa ƙalau. Na je gonar daga baya na gan shi a ɗaure a kan kara yana juyawa yana walƙiya. Ko tsuntsayen ba su ji tsoronsa ba.

Daga nan waya ta zo ta kashe gidajen gem irin nawa. Yau gyaran caja da rimot nake yi, injin nan guda yana ƙarƙashin tebur a nannaɗe da tsumma. Igiyar Malam Haladu kuwa har yau ita ke riƙe da rumfata, shekara goma sha wani abu, kullum sai na wuce ta ƙarƙashinta.

To, ranar da Nura ya yi min waccan maganar, ce masa na yi, "Tunda kai gwani ne, nemo min wani gem." Ban san sunansa ba, sai na kwatanta masa, igiya, ƙugiya, fitila, rijiya bakwai. Ya yi ta dariya yana danne-danne. Kafin shayina ya huce ya juyo min da wayar, sai ga mutumin nan siriri.

"Baba, wannan ai ko a ƙasar da aka yi shi ba wanda ya saya. Ga ma ƙarshensa wani ya sa a bidiyo, minti uku. Ka kalla ka huta."

Na kawar da kaina na ce ya rufe. Wannan shi ne ilminku, ku ga ƙarshen abu ba ku taɓa farkonsa ba, sannan ku ce kun san shi. Na ce ya zuba min shi a faifai kawai. Ya zuba, kuma na gode masa, ba zan hana shi wannan ba.

Na tambayi masu igiya, suka ce Malam Haladu na nan da rai amma ya daina fita kasuwa. Wata Asabar da safe na ɗaure inji da ƙaramar talabijin da batir a bayan babur na nufi Tsiga. Na same shi a zaure a kan buzu, ya rame, hannuwansa suna rawa ko yana zaune shiru. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Sai na faɗa masa a tsaye, kafin in sami hanyar kaucewa.

"Malam, ba wuta ba ce. Ni na goge da hannuna, saboda gasar ƙwallo. Kuma na yi maka rantsuwa a kan ƙarya. Na zo ka yafe min."

"Zauna mana, ka tsaya min a ka kamar mai karɓar haraji." Na zauna. Ya ce, "Ai tun a ranar na sani. Wace irin wuta ce mai tsince rijiya ta bar ƙwallo? Gogewar ba ta dame ni kamar rantsuwar ba. Na yafe maka tuntuni, amma ban ga dalilin da zan sake zama a bencinka ba." Ya nuna kayan da ke kan babur da haɓa. "Wancan fa?"

Na haɗa komai a zauren. Da ya ga gari na farko sai ya miƙo hannu kamar wancan karon, amma hannun gem ya ƙi zama, yana ta karkarwa a tsakanin yatsunsa har ya zame. Ya dube shi a ƙasa ya ce, "Ɗauka. Kai za ka shiga, ni zan tsaya a sama."

Rani guda muka yi, duk Asabar. Shekara ashirin ina da gidan gem, amma a zauren nan na san ban iya ba. "Hagu, Sale, hagu! Kai wane irin mutum ne, ba ka ga tsagar dutsen ba?" "Zura fitila tukuna, gaggawar me kake yi, rago ne ke jiranka?" Maƙwabta suka riƙa taruwa, rabi don gem, rabi don su ji ana wanke ni. Bai manta ko lungu ɗaya ba. Kunamar da ta ci masa wata huɗu, a zama biyu muka kashe ta.

Ranar da muka sake tsayawa a bakin ta bakwai, ya ce in ajiye. Na ajiye. Ya ce, "Ciro abin nan ka ba ni." Na zare memori na miƙa masa. Ya sa a aljihun gaban rigarsa ya dafe da tafin hannu.

"Sau biyu ana sake min igiya. Wannan a wurina zai kwana."

Babu wanda ya yi dariya.

Asabar ta gaba muka shiga. Ba zan faɗa muku duk abin da ke ciki ba, ku je ku kalli bidiyonku na minti uku. Abin da zan faɗa shi ne, a can ƙasa igiya ba ta kai ba, dole mutumin ya kwance ta daga ƙugunsa ya sauka haka nan. Na tsaya ina jiran umarni. Malam Haladu ya ce, "Kwance." Na kwance. Muka ture dutse na ƙarshe, ruwa ya ɓalle ya cika rijiyar, shi ya ɗago mutumin a hankali har bakin rami, ya fito da ƙafafunsa. Gari ya yi kore, rubutun da ba mu iya karantawa ya fara hawa.

"Shi ke nan?" in ji Malam Haladu.

"Shi ke nan, Malam."

Ya gyaɗa kai. "Wanda ya yi abin nan ya taɓa shiga rijiya. Ko shi, ko ubansa."

Na naɗe wayoyi, na ɗaure inji da talabijin a babur. Na dawo zaure na ce masa saura memori, tunda an gama, kuma shi kaɗai gare ni. Ashe ya zare shi daga inji tun ina waje, yana cikin aljihunsa, hannunsa mai rawa a kai.

"In ba ka," ya ce, "ka zuba min ƙwallo a kai?"

Na hau babur na dawo Funtua. Injin yana ƙarƙashin tebur, babu memori a jikinsa, kuma ban sayi wani ba.